Medeya a Ƙarƙashin Allurar Keke

Da za ka ɗauki hoton ɗaya daga cikin ayyukan da Geta Brătescu, mai zane 'yar ƙasar Romaniya, ta yi a Bukarest a shekarar 1980 a kan Medeya, wata mata ta tatsuniyar Girkawa, ka miƙa wa tela, kuskure zai fara gani. Zare ya bi ta wuri ɗaya ya sake bi, ya cunkushe har yadin ya ɗan tattare. Layi ya tashi kamar zai zagayo ya haɗu da mafarinsa, sai ya goce ya nufi wani wajen. Babu wuya, babu hannu, babu aljihu, ba a san gaba ba balle baya. Zai ce ko dai ɗan koyo aka bar wa keke, ko kuwa keken ne ya ci zare. Amma wannan ƙyalle, da faɗinsa bai wuce na matashin kai ba, yau a bayan gilashi ake ajiye shi a manyan gidajen baje zane na duniya. Kuma mai shi ba ta kira shi ɗinki ba. Zane ta kira shi, zane da keken ɗinki.

Tambayar da ke fara zuwa bakin mai kallo, wato "to wannan hoton mene ne?", tsohuwar tambaya ce, har kotu an taɓa kai ta, kuma a kan aikin wani ɗan ƙasar su Geta ɗin. A 1926 wani aikin tagulla na Konstantin Brankushi, ɗan Romaniya mazaunin Paris, ya sauka a tashar jiragen ruwa ta New York. A takarda an ce tsuntsu ne. Jami'an kwastan suka duba, ba fuka-fuki, ba baki, ba ƙafa, sai wani siririn ƙarfe mai sheƙi da ya ɗan yi ciki a tsakiya. Dokar Amurka ta yafe wa aikin fasaha haraji, to amma su suka ce wannan sarrafaffen ƙarfe ne kawai, suka ɗora masa kashi 40 cikin 100 na kuɗinsa. Aka shiga shari'a, aka kira shaidu suna ta musu kan ko abin ya yi kama da tsuntsu. A 1928 alƙali ya ba Brankushi gaskiya, ya yarda cewa an sami sabon salo wanda ba ya kwaikwayon siffar halitta. Abin da mutumin ya sassaƙa shi ne tashin tsuntsun, ya bar gashin da ƙumbar.

Saboda haka wanda ya kalli irin wannan zane ya ji kansa ya ɗaure, kada ya zargi kansa. Ido da neman kamanni aka san shi, ko a gajimare sai mun hango raƙumi. Zanen da ya bar kwaikwayon siffa yana ƙwace wa ido wannan sandar dogarawa ne, ya bar shi da layi, da launi, da inda aka cika da inda aka bari fili, da kuma jikin abin da aka yi zanen da shi. Mu ma ba baƙin wannan kallo ba ne. Ba wanda ke tsayar da mai babbar riga ya ce masa aska takwas ɗin da ke ƙirjinsa ba ta yi kama da askar wanzami ba. Abin da ake dubawa shi ne ko aikin ya zauna, ko hannun mai shi ya faɗa. Bambancin kawai, aska takwas tana da ƙa'idar da aka gada, kowa ya san ta, ita kuwa Geta kowane jerin aiki sai ta kafa masa tasa ƙa'idar, kai mai kallo kuma ka gano ta daga cikin aikin.

Sai batun haɗa kaya iri-iri a fuska ɗaya: gawayi da tawada da fenti, ga takarda an yanka an liƙa, ga ƙyalle, ga zare. Mai son tsokana zai ce haɗin gambiza. Tarihinsa a Turai bai da tsawo sosai. A 1912 Jorj Birak, mai zane ɗan Faransa, abokin aikin shahararren mai zane Pikaso, ya sayi takardar manna wa bango mai zanen katako, ya yanka ya liƙa a cikin zanensa na gawayi. Maimakon ya zana katako, sai ya kawo abin da ke kama da katako ya ajiye. Daga nan ƙofa ta buɗe. Shekara huɗu bayan haka, a birnin Zurik, aka kafa ƙungiyar Dada wadda ta mai da yanke-yanke da liƙe-liƙe sana'a, kuma biyu daga cikin waɗanda suka kafa ta, Tristan Tzara da Marcel Janco, daga Romaniya suka fito. Ke nan Geta ba aro ta yi daga waje ba, gadon gida ne, sai dai gado ne da aka kulle a ɗaki lokacin da ta tashi.

An haife ta a 1926 a Ploiești, garin matatun mai da ke arewa da Bukarest. Iyayenta masu kantin magani ne, kuma wannan kantin ne ya zame mata laifi. Ta shiga jami'a a 1945 tana karatun adabi, tana kuma koyon zane a hannun Camil Ressu. A ƙarshen Disambar 1947 aka tilasta wa Sarki Mihai sauka, 'yan gurguzu suka kama mulki gaba ɗaya, ba a jima ba aka kore ta daga makarantar zane da hujjar cewa asalinta ba mai kyau ba ne, tunda 'yar masu dukiya ce. Ba ta koma ta ƙarasa ba sai a 1969, tana da shekara 43, ta gama a 1971. Tsakanin nan ta ci abinci da zanen littattafan yara da aikin hotuna masu motsi, daga baya ta zama mai tsara fuskar mujallar adabi ta Secolul 20, aikin da ta riƙe shekaru masu yawa.

A wancan zamani hukuma ce mai saye, ita ce mai ba da ɗakin aiki, ita ce mai ba da izinin baje koli, duk ta hannun ƙungiyar masu zane ta ƙasa. Salon da ake so kuwa an san shi: ma'aikaci mai ƙwanji, manomiya mai murmushi, masana'anta na hayaƙi, hoto dai wanda zai faɗi magana ɗaya kowa ya ji. An ɗan sassauta bayan Nikolae Caushesku ya hau mulki a 1965, har aka sami matasa a Timișoara suna gwada zanen lissafi da siffofi zalla. Amma a Yulin 1971, bayan ya dawo daga ziyarar Sin da Koriya ta Arewa, ya yi jawabin da ya sake ɗaure harkar al'adu da igiyar jam'iyya. Daga nan masu zanen da ba su son yabon shugaba suka rarrabu. Wasu suka fice, kamar yadda Paul Neagu ya riga ya koma Landan tun kafin wannan jawabi. Wasu suka shige ɗakunansu suka turo ƙofa.

A nan ne kayan aiki suka fara magana. Babban zanen fenti da mutum-mutumin dandali su ne idon hukuma ya fi kafewa a kai, don su ne ke ɗauke da hoton mulki. Saƙa da ɗinki da aikin takarda kuwa an ajiye su a sahun kayan ado, ƙananan sana'o'i, galibi na mata. Abin da aka raina ba a cika tsare shi ba. Mata da dama sun gane haka. Ana Lupaș, a 1970, ta tara mutanen wani ƙauye a Transilbaniya suka shanya jiƙaƙƙun fararen yadudduka a kan igiyoyi, layi-layi a gangaren tudu, ta zana ƙasa da shanya. Geta kuma ta juya ga jakar tsummokaran mahaifiyarta.

Jerin da ta kira Vestigii, wato saura ko burbushi, na 1978, da waɗannan ƙyallaye ta yi shi. Guntayen yadi ne da uwar ta tara tsawon rayuwa, wasu sun koɗe, wasu bakinsu ya zare. Ta jera su bisa juna a kan takarda, wani ya rufe rabin wani, har suka ba da wata dunƙulalliyar siffa a tsakiyar fili. Ba fuska a ciki, ba gida, ba itace. Amma ka tsaya ka yi tunanin abin da fenti zai iya da abin da ba zai iya ba. Mai burushi zai iya haɗa launin tsohon yadi daidai, ba zai iya haɗa shekarun da yadin ya yi a jikin mutum ba. Launin da ya koɗe a nan, rana da sabulu ne suka koɗar da shi. Duk wanda ya taɓa buɗe akwatin mamaci ya ci karo da ɗankwalin da ya sani, ya san abin da nake nufi. Shi ya sa a irin wannan zane tambayar "da me aka yi shi?" takan riga tambayar "me yake nunawa?", kuma sau da yawa amsar ta farkon ita ce ta biyun.

Yanzu mu koma ga ƙyallen da muka miƙa wa tela. Yana cikin ayyukan da ta yi a kan Medeya daga ƙarshen shekarun 1970 zuwa 1981, wasu bugu a kan takarda, wasu saƙa, wasu ɗinkin keke. Medeya a tatsuniyar Girkawa 'yar sarkin Kolkis ce, a gabashin Baƙin Teku, inda ƙasar Jojiya take a yau. Ta san magani da tsafi. Ta ci amanar ubanta saboda wani baƙo, Yason, ta taimake shi ya sace buzun zinariya, ta bi shi ƙasarsu ta haifa masa 'ya'ya. Da ya sami wuri sai ya juya mata baya ya nemi 'yar sarkin Korinti. Medeya ta aika wa amaryar kyautar riga da ta shafe da dafi, amarya ta saka, rigar ta kama jikinta ta cinye ta. Sannan ta kashe 'ya'yan da ta haifa wa Yason da hannunta.

Ka lura da makamin: riga. Matar da ta yi kisa da tufa, ita ce aka zo aka zana da zare a kan yadi. Akwai kuma wani zaren labarin da ya ɗaure ta da ƙasar Romaniya kanta. Tsohon sunan birnin Konstansa na bakin teku shi ne Tomis, kuma mutanen da suna danganta sunan da kalmar Girkanci mai nufin yanka, wai a nan ne Medeya ta daddatsa ɗan'uwanta ta watsar don ubanta ya tsaya tsinta, su kuma su tsere. Ko asalin sunan haka yake ko ƙagen masu labari ne, yanka da ɗinki su ne aikin Medeya, su ne kuma aikin mai zana ta.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda keke ke juya al'amarin zane. Idan kana zane da fensir, takarda na zaune, hannu ne ke yawo. A keke kuwa allura ba ta zuwa ko'ina, sama da ƙasa kawai take yi a wuri ɗaya. Yadin ne ke tafiya. Mai zane sai ta tura filin gaba ɗaya da tafukanta biyu, ta juya shi, ta ja shi, ƙafa na ba da sauri, kafaɗa da ƙugu na bi. Idan tana son layi ya karkata dama, sai ta murɗa duniyar zanen hagu. Ga shi keke na da nasa ra'ayi, miƙe yake son tafiya, kowace kwana sai an yi kokawa da shi. Sannan layin ɗinki ba shafa ba ne a saman fili kamar tawada, huda ne, ɗaruruwan ƙananan raunuka, kowanne zaren sama ya nutse ya sarƙe da na ƙasa. Inda aka maimaita bi, yadin yakan ja ya tattare kamar tabon ƙuna. Kuma ba a gogewa. In ka farke, ramukan allura na nan.

Ba mamaki da ta sa wa ɗaya daga cikin jerin suna mai nufin motsa jiki irin na Medeya. Siffa guda ce take dawowa a kowane ƙyalle, wani abu mai kama da kai an kalle shi ta gefe. Wani zai ga tsibiri daga sama, wani zai ga ƙwai, wani mahaifa. A wannan ƙyallen siffar ta fito sarai, a na gaba zare ya rufe ta, a wani an zagaye ta da da'ira kamar an killace. Shi ya sa kallon guda ɗaya ba ya isa. Ma'anar tana cikin abin da ya canza daga wannan zuwa wancan, kamar yadda ba ka gane waƙa daga kiɗa ɗaya na ganga.

Akwai fassarar siyasa da masu sharhi ke so ƙwarai, kuma tana da ƙafa. A 1966 gwamnatin Caushesku ta fitar da doka mai lamba 770 wadda ta hana zubar da ciki sai a 'yan yanayi, don a ƙara yawan jama'a. Haihuwa ta zama aikin ƙasa, ana ba uwar 'ya'ya goma lambar girma, mata masu yawa kuma suka mutu a hannun masu zubar da ciki a ɓoye. A irin wannan ƙasa, mace ta zauna shekaru tana zana uwar da ta kashe 'ya'yanta, ai da walakin goro a miya. Ana kuma iya ƙarawa da wani abin: a 1983 aka wajabta wa duk mai keken rubutu ya kai shi wurin 'yan sanda a yi rajista, a ɗauki samfurin haruffansa, don a iya gano mai buga takardar ɓatanci. Keke biyu, ɗaya hukuma na tsoronsa, ɗaya ba ta ko kallonsa. Zanen Medeya ya riga wannan doka, amma ta nuna inda idon mulki yake da inda ba ya.

Duk da haka ni ina ɗari-ɗari da mai da kowane ɗinki nata zanga-zanga. Kasuwar zane ta yammacin Turai tana son labarin jaruma a ɓoye tana yaƙar azzalumi da allura, don labari ne mai sayar da kaya. Tarihin matar bai miƙe haka ba. 'Yar ƙungiyar masu zane ta hukuma ce, an sa aikinta cikin na tawagar Romaniya a bikin zane na Venis tun 1960, ta je masana'antar Grivița ta zana ma'aikata kamar yadda ake so, ta yi aiki a mujallar da gwamnati ke bugawa. Kuma damuwarta da Medeya ta wuce Caushesku: ta yi aiki a kan Isof mai tatsuniyoyi, ta yi a kan Dido, sarauniyar da ke cikin tatsuniyar Romawa, ta yi a kan Faust na adabin Jamus, mace ce da adabi ya rena kafin zane. In aka ce duk abin da ke cikin ƙyallen nan martani ne ga mai mulki, an sake ba mai mulkin abin da ta hana shi, wato ya zama shi ne maudu'i. Ga kuma hujja mafi sauƙi: an harbe Caushesku ranar 25 ga Disamba 1989, ita kuwa ta ci gaba da irin aikinta kusan shekara 29 bayan haka, ba ta sauya hanya ba.

Abin da bai canza ba tun farko har ƙarshe shi ne yadda take ɗaure hannunta da gangan don ta ga abin da zai fito. A 1985, lokacin da ake rabon burodi da wutar lantarki da awo don a biya bashin ƙasa, ana kuma rushe tsofaffin unguwannin Bukarest don gina fadar shugaba, ta yi jerin da ta kira dokar da'ira, dokar wasa. Kowane shafi da'ira guda, duk abin da za a yi da fenti da yankakkiyar takarda sai a cikinta ko a gefenta. Daga baya ta riƙa zane ido a rufe, hannu na tafiya da abin da ya tuna, sai ta buɗe ta tarar da layukan da ba su haɗu inda ya kamata ba. Keke, da'ira, rufe ido, duk dabara ɗaya ce. Hannun da ya ƙware yakan zama maƙaryaci, ya riƙa maimaita abin da ya iya. Sai an sa masa tarnaƙi yake faɗin sabon abu.

Da tsufa ya zo, ɗakin aikin ya tsuke ya koma tebur guda, sai ta ɗauki almakashi. Jerin Jocul formelor, wasan siffofi, da ta shafe shekarunta na ƙarshe tana yi, takardu ne masu launi, ja da baƙi da rawaya, an yanka an liƙa a farin fili, wani lokaci da ɗan layin alƙalami mai kauri ya ratsa. Tana cewa da wannan zane da almakashi, kamar yadda mai zane Matis na Faransa ya yi a nasa tsufan. A nan layi shi ne bakin yanka, iyakar da launi ya ƙare fari ya fara. Abin da ke kusa da hannu ma yakan shiga, har takardar sigari da 'yan sandunan juya kofi. Wanda ya ga waɗannan a waya zai ce yaro ma zai iya. Yaro zai iya yankawa, gaskiya ne. Abin da ke da wuya shi ne sanin inda za a ajiye baƙin guntun nan don jan da ke can gefe kada ya rinjayi shafin, da sanin lokacin da za a ajiye almakashin. Hoton waya kuma yana cin amanar irin wannan aiki fiye da kowane, don yana shafe 'yar inuwar da bakin takarda ke yi a kan ta ƙasa, yana mai da tudun zare ya zama layi lami.

Kayan nan ba masu jure zamani ba ne. Gam yakan yi rawaya, takarda mai launi takan koɗe, yadi da takarda ba sa shan danshi daidai, sai ɗaya ya ja ɗaya. Shi ya sa gidajen adana zane ke nuna su a haske mai rauni, na 'yan watanni, sannan a mai da su akwati su huta.

Duniya ta zo mata a makare. An nuna ɗinkin Medeya a babban baje kolin Venis na 2013, gidan Tate na Libaful ya yi mata baje koli nata ita kaɗai a 2015, a 2017 kuma, tana da shekara 91, ta wakilci Romaniya a Venis, mace ta farko da aka ba rumfar ƙasar ita kaɗai, a shekarar kuma aka nuna aikinta a documenta, wani babban baje kolin zane, a Atina da Kasel ta Jamus. Ta rasu a Bukarest ranar 19 ga Satumba 2018. Kafin nan Albert Kriemler, mai tsara tufafi na kamfanin Akris na Suwizalan, ya je ya same ta, suka zaɓi wasu daga cikin zane-zanenta. 'Yan kwanaki bayan rasuwarta aka nuna kayan a Paris, 'yan mata na tafe sanye da layukanta da yankakkun siffofinta, an mai da su riguna masu wuya da hannu da aljihu.